Hancin Malam Sabo

Kwana goma sha biyu da rasuwar Malam Sabo tela, matarsa Inna Lauratu na zaune cikin takaba a gidansu na Tudun Wada, sai ga baƙuwa. Mirabel sunanta, 'yar Wusasa, tana aiki a ɗakin binciken wani asibiti. Ta yi ta'aziyya yadda ya kamata. Da nan ta tsaya da an rabu lafiya, to amma ɗan boko bai iya gajarta zance ba.

"Inna, bara da Baba ya zo asibiti, ya yarda muka ɗan kankaro cikin hancinsa. Mun raini abin a ɗan kofin roba, ya yaɗu. Har yanzu yana da rai."

"Wa ke da rai?"

"Ba Baba ba, Inna. Fatar cikin hancinsa."

Kan Lauratu ya ɗaure tamau. Ita dai ta ga an fita da makara. Mutumin da ko farce ya yanke sai ya tona rami ya binne, yau a ce ya bar hanci a asibiti bai faɗa mata ba? Haushinsa ya kama ta, sai kuma kunya, don ba a fushi da mamaci.

"Me kuke yi da shi?"

"Ƙwayar cutar mura muke sa masa, mu ga yadda take shiga jiki."

"Mura! Bawan Allah ya huta ma ba za ku bar shi ba?"

"Ba ya jin komai, Inna. Amma in ba ki so, sai mu daina, a kawo a binne. Abin da ya kawo ni ke nan."

Mirabel ta miƙo mata waya mai hoton bidiyon abin. Lauratu ta ƙura ido. Babu hanci, babu Malam. Wasu 'yan gasu ne ƙanana suke ta kaɗawa ba hutu, kamar ciyawa a bakin rafi. Mirabel ta ce su ne ke share majina.

Lauratu ta auna abin a ranta. In ta ce a binne, ai mai motsi za a binne, kuma da bakinta. In ta ce a bari, ta bar wani yanki na mijinta ba sutura. Tsoro ya kama ta, ga kewa kamar ta kashe ta. Ta sa aka maimaita mata hoton har sau huɗu.

"Zai daɗe haka?"

"Wata biyu, ko uku."

Lauratu ta mayar da wayar, ta goge ido da bakin mayafi.

"A bar shi. Amma ranar da kika ga zai daina, 'yar nan, ki zo ki ɗauke ni tun da saura. Wancan karon ina madafi ina dama masa kunu."