Ɗori a Gindin Baƙin Dutse

A Aliero, in ka karye ka ce asibiti za ka, to ka shirya shan dariya. Garin masu ɗori ne, kuma Malam Ladan yana cikin waɗanda ake ji da su. Daga Jega, daga Andarai, daga Jandutsi ake kwaso masa mutane a kwance, su koma gida da ƙafafunsu. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: ɗansa Surajo, wanda ya kamata ya gaji ɗorin, ya ƙi zama. Ya fara da tuƙa motar albasa zuwa Konni, daga nan ya zarce Agadas, ya zama direban masu kai baƙi yawon ganin hamada.

"Ganin rairai fa!" in ji Malam Ladan duk sa'ad da aka ɗauko zancen. "Mutum da hankalinai shi bar gado shi tahi nuna ma mutane rairai."

Shi kuwa Surajo bai fasa roƙo a waya ba: "Baba, ka zo ka ga wurin ko sau guda." Da aka kwashe albasar bana, sai tsohon ya yarda. Ba kallo ya kai shi ba, shi da matarsa Gudiya sun san haka. Da za ta ba shi ƙullin guzuri ta ce, "Malam, kak ka dawo kai ɗai." Ya ce ta sa ranta a inuwa, da yaron zai dawo.

A Agadas Surajo ya aro motar maigidansa, ya ɗauko abokin aikinsa Agali, wani Buzu mai ƙarancin magana wanda ya san hanyoyin. Suka fara da tafkunan gishirin Tagidda. Malam Ladan ya shirya raina wurin, amma abin da ya gani ya ba shi mamaki. Ramuka ne birjik iya ganinka, wani ruwansa ja, wani ɗorawa, wani fari fat, ko'ina gishiri ya daskare a gefe kamar ƙanzon tuwo. Ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Kai! Wanga ai ya hi na kasuwar Jega kaihi."

Surajo ya yi ta dariya. Tsohon ya sa aka cika masa jarka da ruwan, wai zai kai gida don wankin rauni. Agali ya ce raƙuma da jakuna suna tattaka bakin ramukan. Malam Ladan ya ce gishiri ba ya ɗaukar ƙazanta.

Daga nan suka nausa cikin duwatsun Azbin, suka yi ta tafiya har ƙasa ta koma baƙa ƙirin. Surajo ya nuna masa wani dutse mai yankakken kai, ya ce a zamanin da ya taɓa aman wuta, duk baƙaƙen duwatsun nan narkakku suka fito daga cikinsa. Ya riƙe hannun uban suka hau a hankali. Yana ta bayani, fuskarsa a sake, irin sakewar da Malam Ladan bai taɓa gani ba a zauren ɗori. Abin ya sosa masa rai, don ya gane yaron son wurin nan yake yi da gaske. Ya bar maganar komawa gida a cikinsa, ya ce sai sun sauka.

A can sama iska ta fizge hular tsohon, ta cilla ta gangare. Hula ce kawai, wallahi, tsohuwa ma. Amma Surajo ba zai bar ubansa kai a buɗe gaban baƙo ba. Ya bi ta da sauri, dutse ya zame a ƙarƙashinsa, ƙafar dama ta faɗa tsakanin duwatsu biyu. Malam Ladan ya ji ƙarar tun daga inda yake, kuma ya san ta, don ita ce sana'arsa.

Da ƙyar suka sauko da shi. Ƙashin ƙauri ya karye, tsininsa ya huda fata ya leƙo. Agali ya buɗe bayan mota ya ce, "Malam, mu kama hanyar asibiti yanzu. In mun yi gudu, gobe muna Agadas."

"Asibiti?" Malam Ladan ya miƙe tsaye. "Ɗana, jinin Aliero, gabana, a kai karayatai asibiti? Mi za ni ce ma mutane in na koma?"

"Akwai rauni a buɗe, Malam."

"Na ɗora wadda ta hi wagga."

Agali ya dubi Surajo. Surajo yana cije da leɓe, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya sha kai baƙi asibiti, ya san abin da ya kamata. Amma ya ɗaga ido ya ga ubansa har ya naɗe hannun riga, sai ya ce, "Bari Baba shi yi, Agali."

Gaskiya ɗorin ya yi kyau. Malam Ladan ya wanke raunin da ruwan jarkar nan, ya ja ƙafar, ƙashi ya koma mazauninsa. Babu karan dawa a wurin, sai ya samo zarba, wato reshen dabino, ya fere ya jera, ya ciro rawaninsa daga jaka ya yaga ya ɗaure tamau, ya yi tofi. Sannan ya kafa doka irin ta gida: sabon ɗori ba a jijjiga shi. Suka sauka a wani ɗan zango kusa da rijiya. Agali ya sake magana washegari, tsohon ya daka masa tsawa.

Zazzaɓi ya fara. Malam Ladan ya ce ƙashi ne yake kamawa. Yatsun ƙafar suka kumbura, suka sauya launi, ya ce jini ne ya taru. Ranar da ya sunkuya zai gyara ɗaurin, wani wari ya bugi hancinsa. Shi da kansa ya je ya sami Agali a gindin mota, ya ce, "Don Allah tada ta."

A asibiti likita bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya kwance rawanin, ya duba, ya ce a gaban su duka, "Ƙashin ya zauna daidai. Raunin ne ya ruɓe. Da kun kamo hanya ranar da abin ya faru, da ƙafarsa zai koma." Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Haka Malam Ladan ya cika wa Gudiya alkawari. Da motar haya ta sauke su a ƙofar gida, Gudiya, wadda ba a gaya wa komai ba, ta leƙo da murna, ta ga sanduna biyu sun riga ɗanta fitowa. Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dubi mijinta sau ɗaya, ta koma ciki.

Zaure ya cika da masu jaje. Malam Ladan yana zaune kai a ƙasa, yana jiran a tambaya, ya riga ya yanke cewa zai faɗi gaskiya ko da sunansa zai zube. Wani maƙwabci ya ce, "To Malam, kana wurin, ƙaƙa anka yi haka?" Kafin ya buɗe baki Surajo ya riga shi.

"Dutsen ya murƙushe ta ne tun farko. Likita da bakinai ya ce ba don ɗorin Baba ba, da gawata za a kawo muku."

Zaure ya ɗauka. "Allahu akbar! Ai Malam Ladan ne!" Aka yi ta sa masa albarka, yana amsawa da ka. Da zagi suka yi masa da ya iya haɗiyewa.

Ba a jima ba aka kawo wani manomi daga Jiga Makera, amalanken shanu ya karya masa hannu. Malam Ladan ya shafa wurin, karaya ce mai sauƙi, ba rauni, amma ya kasa ja. Yana nan durƙushe ya ji ƙwas, ƙwas na sanduna a bayansa. Surajo ya jingine su a bango, ya ja jiki a kan tabarma har ya iso kusa da shi.

"Baba, tunda ga ni zaune, nuna mini inda aka kamawa."

Maganar da ya yi shekaru yana roƙon Allah ya ji ke nan. Ya kama hannun ɗansa ya ɗora a kan ƙashin, ya ce, "Nan." Mai karayar ya ga hawaye na bin gemun tsohon, ya ce, "Malam, kak ka damu da ni, ja kawai, ina iya daurewa."