Lodin Nahoda Kombo

Iskar kudu ta zo da ƙarfi a bana, tun watan shida ta kori jiragen katako na Pangani, garinmu na bakin teku, zuwa tudu. Na Nahoda Kombo ma (Nahoda muke ce wa shugaban jirgi) yana kishingiɗe a kan yashi, kafintoci na cusa masa auduga da man kifi a tsakanin katakai. Wata biyu cur babu fita. Mu kuwa mutanen teku, in aka raba mu da ruwa, babu abin da muke tsinanawa a gida sai tare hanya da ba da shawarar da ba a nema ba.

Shekara tara ke nan Kombo yana yi wa matarsa Biubwa alkawarin zai kai ta Kigoma, can ɗaya ƙarshen ƙasar, ta ga mahaifiyarta. Shekara tara iska tana samo masa uzuri. Bana ta ƙi.

Biubwa ta yi maganar sau ɗaya, tana kankare kwakwa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Idon tsohuwa ya fara rufewa. Ta ce tana son ganin surukinta tun tana iya gani. Ko mu je tare bana, Baban Subira, ko in je ni kaɗai. In na je ni kaɗai kuma, kada ka tambaye ni ranar dawowa."

'Yarsu Subira, wadda ke aikin jinya a Tanga, ta ɗauki hutu ta zo da ƙaramar motarta. Ita za ta yi tuƙi, tunda Kombo bai taɓa riƙe sitiyari ba. Tafiyar kwana uku ce. Abin da ya rage masa na girma shi ne lodi, ya kuwa riƙe shi da hannu biyu.

A wajen Kombo, tafiyar kwana uku na nufin ka bar gaɓa, ba ka sake ganin kowa sai wata gaɓar. Don haka ya jera jarka huɗu manya na ruwan sha, buhun shinkafa, buhun gawayi, murhu, igiya mai kauri, busasshen kifi, da kwakwa talatin. Masu nauyi ya sa su ƙasa, marasa nauyi a sama, ya ɗaure komai da irin ƙullin da ko guguwa ba ta kwancewa. Yana gama ɗaya sai ya ja da baya ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, yana duba yadda motar ta zauna.

"Baba, akwai ruwa fa a Dodoma, kan hanyarmu," in ji Subira.

"Kin sha?"

"Mutane suna zaune a can."

"Mutane suna zaune ko'ina. Ba shi na tambaye ki ba."

"Kwakwa talatin kuma fa? Biki za mu yi?"

"'Yar nan, ke dai ki ja motarki. Shekara talatin ina lodi, ko akuya ba ta taɓa faɗa min cikin ruwa ba."

Ranar tafiya, rana na fitowa, maƙwabta suka taru a ƙofar gida don sallama. Biubwa ta fito da sabon zane, hannu da ƙafa sun sha lalle, ƙamshin turare na gaba tana biye. Ta nufi ƙofar gaba.

A daidai lokacin Kombo yana tsugune a bayan mota, ya gano abin da ya dame shi: ta karkata dama, wajen jarkoki. A jirgi wannan ba matsala ba ce, ba a taɓa kaya, mutane ake matsarwa. Sai ya miƙe ya dubi matarsa daga sama har ƙasa, irin duban da yake yi wa buhun gishiri kafin ya ce a ajiye shi nan ko can.

"Maman Subira, dakata. Ke baya za ki zauna, hagu, ki manne da ƙofa sosai. Nauyinki zai ɗauke na jarka biyu." Ya ƙara dubawa, don shi mutum ne mai adalci. "Uku ma, in Allah ya yarda."

Wata maƙwabciya ta ja gyale ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

Biubwa ta buɗe mota, ta zaro jakarta, ta koma kan dakali ta zauna.

"Subira, in kin huta, ki kai ni tashar Tanga. Bas ba ya auna mutum kafin ya ba shi kujera."

Har ga Allah Kombo bai ga laifinsa ba. A jirgi, in iska ta matsa, wanda ya fi kowa jiki shi ake ɗorawa kan katakon da ke miƙe a saman ruwa, duk rayukan jirgin a wuyansa. Ba kowa ake ba wurin ba.

"Wurin girma ne fa," ya ce. "Marigayi Faki na jirgina, da nauyinsa ya kai buhu biyu, shi kaɗai nake yarda..."

"Baba," in ji Subira, "don Allah tsaya haka nan."

Ta ja shi bayan mota, inda maƙwabta ba za su ji ba. Ya dafa jarka ɗaya, ya daɗe yana kallon igiyarsa.

"Tsoro kake ji?" ta tambaya a hankali.

"Ni? Na tsallaka zuwa tsibirin Pemba cikin ruwan da ko kifi ba ya fita."

"Na sani. Ba shi na tambaye ka ba."

Ya share gumi da hularsa. "A teku ina duba launin ruwa in san abin da ke ƙasa. Can ciki fa? Me zan duba? Kwana uku ina zaune kamar kaya, 'yata na ja na."

"To ka zauna kamar kaya mana. Mama shekara nawa tana zaune tana jiran jirginka?"

Ya leƙa ta gefen mota. Biubwa tana nan kan dakali, jaka a cinya, ta juya fuska wajen hanya. Ya san wannan zaman. Ba fushin da ake lallashi da baki ba ne.

Ya durƙusa ya fara kwance ƙulli. Ya sauke jarka ta farko, ya kai ta gindin ayabar Biubwa ya juye. Ta biyu ma haka. Gawayi da murhu suka koma madafa. Ya bi maƙwabta da kwakwa bibbiyu, har da wadda ta yi dariya. Motar ta riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan kamar mai farfaɗowa daga zazzaɓi.

Da ya kai hannu kan kifin, sai murya ta zo daga dakali.

"Bar wannan. Na tsohuwa ne."

"To."

"Kwakwa goma su koma mota. Jarka ɗaya ta isa."

"To, ranki ya daɗe."

"Igiyar ta mece ce?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga idon Subira, ya naɗe igiyar ya jefa cikin zaure.

Biubwa ta miƙe, ta kaɗe zane, ta shiga gaba. Kombo ya tsaya riƙe da ƙofar baya, a karon farko a rayuwarsa yana jiran a nuna masa wurin zama.

"Shiga mana, Nahoda. Duk inda ka ga dama," in ji Biubwa.

Ya zauna a gefen kifi. Suka bi ta bakin kasuwa, suka ɗauki hanyar yamma, teku a bayansu. Biubwa ba ta waiwayo ba, ta miƙo masa fanke mai ɗumi ta saman kafaɗa. Sannan ta zaro waya daga jaka, ta danna, ta ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi.

"Mama? Mun taso. A'a, mu uku ne."