Hoton Baba Ɗanjuma a Innsbruck

Suwaibatu ba ta taɓa goya kaya ba sai a ƙasar Turawa. A Faskari kai ake ɗora wa kaya, baya na ɗa ne. Amma ga ta a tashar jirgin ƙasa ta Innsbruck, wani birni da ke kwance a tsakiyar duwatsun ƙasar Ostiriya, da ƙatuwar jaka a bayanta, igiyoyin suna cin kafaɗunta, tana bin ƙawarta Tabita a baya tana mita.

Tare suka taso. Uban Suwaibatu tela ne a kasuwar Faskari, uban Tabita kuwa, Baba Ɗanjuma, Bamaguje ne, babban manomi a wani ƙauye kusa da Tafoki. Tare suka yi makarantar 'yan mata, tare suka karanta aikin ungozoma. Da kuɗin mai ya cika hannun gwamnati, aka shiga tura ma'aikata ƙaro ilmi waje, sai sunayensu suka fito tare, suka tafi Ingila. Yanzu kwas ya ƙare. Suwaibatu za ta koma gida, an ce asibitin Ƙanƙara za a kai ta. Ita kuwa Tabita ta sami aiki a wani asibiti a nan Innsbruck, ta hannun Sista Hilda, wata Baturiya da ta daɗe tana ba da magani a ƙauyensu, wadda ta koya mata Jamusanci tun tana yarinya. Suwaibatu ta ce ba za ta hau jirgin gida ba sai ta ga inda za a ajiye ƙawarta da idonta.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Sun sauka a wani masaukin matasa mai gado a kan gado. Da safe su goya jakunkuna su bi gari da ƙafa, su ci burodi da cuku a bakin kogi, su kalli gidaje jere masu launi-launi kamar an shanya atamfa. Duk titin da suka shiga, in suka ɗaga kai sai su ga dutse ya tare ƙarshensa, kansa fari fat ko da yake lokacin zafi ne.

"Kin gani ko?" in ji Tabita, tana nuna saman dutsen. "Tun ba ki je Ƙanƙara ba, ga ƙanƙara ta zo tarbarki."

Suka yi ta dariya har wani tsoho mai kare ya tsaya yana kallonsu.

Ranar Lahadi da la'asar Sista Hilda ta gayyace su wani taro a zauren unguwarsu. Tsohuwa ce doguwa, Hausa a bakinta kamar 'yar Funtua. Ta rungume Tabita, ta riƙe hannun Suwaibatu ta tambayi mutanen Faskari ɗaya bayan ɗaya. Suwaibatu ta ji matar ta kwanta mata a rai. Abin da kawai ya ɗaure mata kai shi ne tulin tsofaffin riguna da barguna da ta gani a bakin ƙofa, kowa ya shigo sai ya ƙara nasa a kai.

Aka zaunar da su a gaba, aka ja labule, aka kunna majigi. Sista Hilda ta tsaya gefe da sanda tana bayani da Jamusanci. Hoton farko hanyar Sabuwa ce da damina, mota ta kafe a laka. Suwaibatu ta yi murmushi, don ta san wurin. Sai rijiya, sai yara suna wasa a ƙasa. Daga nan sai ga Baba Ɗanjuma ya cika bango.

A gona aka ɗauke shi, zaune a kan kunya, ba riga, daga shi sai warki, gumi ya wanke shi, ƙasa ta yi masa fari a ƙafafu, yana riƙe da ƙwarya. Duk wanda ya san noma ya san mutum ne da ya sha aiki tun safe ya zauna shan fura. Amma sai Suwaibatu ta ji zauren ya ɗauki wani irin nishi na tausayi. Wata mata a bayansu ta fiddo hankici.

"Me ta ce?" Suwaibatu ta tambayi Tabita a hankali.

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa waccan take kuka? Me ta ce?"

Tabita ta sunkuyar da kai. "Ta ce ƙwaryar ba komai a cikinta. Ta ce wannan shi ne ubana, kuma daga irin wannan yunwa aka tsamo ni."

Suwaibatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Baba Ɗanjuma! Mutumin da rumbunansa suka fi ɗakunan gidansa yawa, wanda in ya yi gayya sai an yanka bijimi! A shekarar fari, da hatsi ya ɓace a kasuwa, shi ne ya ɗoro wa jakuna dawa ya kawo gidansu, da ita suka ci tuwo har ruwa ya sauka. Shi ne yau aka liƙa a bango tsirara ana tara masa tsumma?

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Da Turanci ta yi magana. Ta ce mutumin nan ba mayunwaci ba ne, shi yake ciyar da mutane. Ta ce yana da shanu, yana da riguna da ba a taɓa ganin irinsu a wannan zaure ba, kuma ba wanda ya nemi izininsa kafin a nuna shi haka. Ta faɗa da ƙarfi, tana nuna bangon da hannu.

Yawancin mutanen tsofaffi ne, ba sa jin Turanci. Sun dai ga baƙuwa ta tashi, ta nuna hoto, idonta ya kawo ruwa. Da ta yi shiru sai suka ɗauki tafi. Matar nan mai hankici ta taso ta cusa mata wata tsohuwar rigar sanyi a hannu, tana shafa mata kafaɗa.

Suwaibatu ta saki rigar a ƙasa ta fice. A bakin ƙofa Sista Hilda ta cim mata.

"Suwaibatu, 'yata, ki saurare ni. In na nuna musu rumbuna, wa zai ba da maganin da ake aikawa can? Kin san yaran da ƙyanda ke kashewa."

"Na san su, Sista, da hannuna na riƙe wasu. To ki nuna ƙyandar mana! Me ya kawo Baba a ciki? Kin ci tuwon gidansa ko ba ki ci ba?"

Suwaibatu ta juya ta wuce.

A kan gadar kogi Tabita ta same ta, ta jingina da ƙarfe tana huci. Suwaibatu ba ta jira ta ƙaraso ba.

"Ke kuma kina zaune! Ubanki ne fa, Tabita. An tuɓe shi a gaban mutane kina kallo kamar an ɗaure miki baki. Wallahi da uban wani ne ma ai kya yi magana."

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Ki haɗa kayanki mu tafi gida. Aikin me za ki yi wa mutanen da ke kallonki a matsayin abin sadaka?"

"Ke jibi za ki hau jirgi," in ji Tabita, a sanyaye. "Ni a nan zan kwana in tashi. Matar nan ita ta tsaya mini, ita kaɗai na sani a garin nan. Kina tsammani ban ji zafi ba? Tun da hoton ya fito nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige." Sai ta ɗago. "Kuma tunda maganar mutuncin Baba ake yi, bari in tambaye ki. Ranar da ya kawo muku dawa, a ina aka zaunar da shi? A waje, a gindin bishiya. Da wane kwano aka ba shi ruwa? Ina tsaye na ji wata a gidanku tana cewa a ware kwanon arne."

Suwaibatu ta ji maganar har cikin ƙashinta, don ta tuna ranar, ta tuna kwanon. Amma fushinta bai sauka ba, sai ma ya ƙaru, yanzu ba ta san wa za ta fara da shi ba.

"Wancan ma ba daidai ba ne," ta ce. "Amma don an yi masa a gida ba shi ne za a yi masa a nan ba."

"Na sani. Ki bar ni in yi ta hanyata."

Suka koma masauki. Washegari Tabita ta fita ita kaɗai, ta daɗe. Da ta dawo idanunta sun yi ja. Ta ce ta je wurin Sista, sun yi magana mai tsawo, kuma tsohuwar ta yi alkawarin ba za ta sake nuna hoton ba, amma ta ƙi ba da shi, wai na ƙungiyarsu ne.

"Alkawari!" in ji Suwaibatu. "Hoton ubanki, a ce na ƙungiya ne?"

Haka suka rabu a tasha, sun rungumi juna suna kuka, amma kowace da abin da ke ranta.

Bayan ta kama aiki a Ƙanƙara, Suwaibatu ta sami wata Asabar ta hau motar Faskari, ta ƙarasa ƙauyen a bayan keken wani ɗan uwanta. Ta tarar da Baba Ɗanjuma ana yi masa yaɓen sabon rumbu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi saƙon 'yarsa. Ta yi niyyar ta ɓoye sauran, amma da ya tambaye ta yadda mutanen can suka karɓi Tabita, sai bakinta ya ƙi. Ta faɗa masa duka.

Tsohon ya dube ta.

"Ke ɗiyata, mi kika ce? Ba riga?"

"Ba riga, Baba."

"Sista ta ce mani ajiyewa za ta yi don ta riƙa tunawa da mu. Har na ce ta dakata in tahi gida in sa riga, ta ce a'a, haka ya fi kyau." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ashe tallata ta tahi yi! Ni Ɗanjuma, da ban taɓa kwana da hatsin wani a cikina ba!"

Ya ƙwala wa babban ɗansa Bilya kira, ya ce a buɗe akwati a fiddo rigarsa mai aska takwas da hula da takalmi. Ranar kasuwar da ta biyo baya suka tafi Funtua su uku, shi da Bilya da Suwaibatu. Ya zauna a kujerar mai hoto, ya baza riga, ya ɗaure fuska. Mai hoton ya ce ya ɗan yi murmushi, Baba ya ce ba murmushi ya kawo shi ba. Ya sa aka wanke biyu, ɗaya na Tabita, ɗaya na Sista, ya ce a gaya mata in za ta nuna shi ga mutanenta, to ga wanda ya yarda a nuna.

Suwaibatu ce ta kai su gidan waya. Tabita ta amsa cewa nata yana rataye a ɗakinta, kuma ta kai wa Sista nata hannu da hannu. Ko an taɓa haska shi a bangon zauren nan, Tabita ba ta faɗa ba, duk da Suwaibatu ta sha tambayarta.