Kujerar Inna Tambaya

A unguwar Damba, cikin Gusau, akwai wani kafinta da ake kira Malam Labbo. Ba shi da shago a bakin titi. Zauren gidansa shi ne wurin aikinsa, inda ya ajiye benci ɗaya mai nauyi, da zarto biyu, da guduma, ga katakai jingine da bango. Ba shi da inji, komai da hannu yake yi, shi ya sa aikinsa ba ya sauri. Amma wanda ya sayi kujerarsa ba ya dawo da ita gyara. Matarsa Jamila 'yar Karakkai ce, ta ƙasar Bunguɗu, daga gidan masu shanu da suka zauna wuri ɗaya suna haɗawa da noman gero. 'Yarsu ta fari ita ce Asiya, mai shekara goma sha ɗaya.

Uwar Jamila, Inna Tambaya, tana can Karakkai a gidan ɗanta Mu'azu. Abinci bai yanke mata ba, nono kuma kullum akwai shi a ƙwarya. Abin da ta rasa shi ne wurin zama. Ciwon gwiwa ya kama ta tun damina. In ta zauna a tabarma ko a kujera 'yar tsugunno, ba ta iya tashi sai mutum biyu sun kama ta, ita kuwa ba abin da ta tsana irin a ɗaga ta a gaban mutane. Sai ta daina fitowa. A da a gindin dalbejiyar tsakar gida take wuni, tana dama fura, matan maƙwabta na shigowa ana hira. Yanzu a bakin gado take wuni, cikin ɗaki mai duhu, tana jin muryoyinsu daga nesa.

Asiya ta je hutun makaranta ta tarar da kakarta a haka. Da babanta ya kira wayar Kawu Mu'azu, ta karɓa ta gaya masa komai.

Malam Labbo ya ce, "Kujera mai hannu take buƙata, wadda za ta dafa ta miƙe da kanta. Zan yi mata. Amma sai da awo, kuma kin san ni ba zan iya auna Inna ba."

Asiya ta sani. Suruki ba ya zama kusa da surukarsa, balle ya duƙa yana auna ƙafarta. Duk zuwan da babanta ke yi Karakkai, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Ke za ki auna min. In ta zauna, ki auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarta. Sannan daga bayan gwiwa zuwa inda bayanta ya tsaya."

Aka nemi tef ɗin awo a gidan, babu. Asiya ba ta damu ba, don ta sha ganin babanta yana buɗe hannu a kan katako, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, yana ƙirga taƙi. Ta durƙusa gaban kakarta ta buɗe nata hannun.

Inna Tambaya ta ce, "Ke ƙawata, mi kike lalube a ƙafata? Ko zane za ki yanka min?"

"Ki tsaya mana, Inna, kina ɓata min lissafi."

Ta auna sau biyu don ta tabbatar. Da yamma ta gaya wa babanta a waya, tana jin kanta kamar wata babbar ma'aikaciya: taƙi biyu da rabi zuwa gwiwa, taƙi biyu da rabi kuma zuwa baya.

Da hutu ya kusa ƙarewa ta koma Damba, ta tarar an fara aikin. Babanta ya ciro wani katakon maɗaci da ya rage daga ƙyauren da ya taɓa yi wa wani mutumin 'Yandoto. Shekara biyu yana ajiye da shi, ya bushe sarai, ya hana kowa. Bai sa ƙusa a ƙafafun ba. Rami yake fafewa a jikin wannan katako, ya fere bakin wancan, ya shafa gam, ya buga su su shige juna. In bai gamsu ba sai ya zare ya sake ferewa. Hannuwan kujerar ya fi daɗewa a kansu, yana goga samfefa yana shafawa da tafin hannu, don a nan tsohuwar za ta riƙa ɗora nauyinta. Asiya na dawowa daga makaranta ta zauna a zaure tana kallo, ƙamshin katako na tashi. Kwana goma sha biyu ya yi yana aikin, ya ajiye na mutane a gefe.

Wata ranar Asabar aka ɗaure kujerar a saman mota zuwa Bunguɗu, daga nan aka ɗora ta a babur. Asiya da Kawu Mu'azu, da ya zo ɗaukar ta, suka raka ta. Gidan ya cika da mata, kowa na shafa ta yana sa albarka. Aka ajiye ta a gindin dalbejiya. Inna Tambaya ta fito tana dogara sanda, ta juya baya, ta ɗan yi ɗage, Kawu Mu'azu ya tallafa mata, ta hau.

Ta ce, "Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa. Ku gaya masa na gode, na gode."

Mata suka amsa da amin. Asiya kuwa, da yake ita ce a zaune a ƙasa, ta ga abin da manya ba su duba ba, ko suka duba suka kau da kai. Ƙafafun kakarta ba su taɓa ƙasa ba. Suna lilo kamar na yaro a bencin masallaci. Bayanta ma bai kai ga majingina ba, ta zauna ne a bakin kujerar ta riƙe hannuwan da ƙarfi. Ana watsewa ta kira ɗanta a hankali ya sauko da ita, ta koma ɗaki.

Washegari ba ta fito ba. Asiya ta shiga ta same ta a bakin gado.

"Inna, kujerar ta yi miki tsayi, ko?"

"Wa ya gaya miki? Kujera ta yi kyau."

"Na ga ƙafarki ba ta kai ƙasa."

Tsohuwar ta kama hannunta ta jawo ta kusa. Ta ce, "Saurara, ɗiyata. Mutum ya bar aikin da yake ci da shi, ya yi min kyauta, sannan in aika masa cewa ta yi tsayi? Da wane bakin? Kada in ji wagga magana ta fita daga ɗakin nan."

A tsakar gida Asiya ta tsaya gaban kujerar. Ta buɗe hannunta a jikin ƙafar, ta ƙirga daga ƙasa. Taƙi uku da rabi ta samu. Ta sake ƙirgawa, haka dai. Sai ta dubi ɗan hannunta, ta tuna faɗin hannun babanta, wanda yake rufe bakin kwano da shi. Ita ta auna da nata, shi ya yanka da nasa.

Ta koma Damba da abin a cikinta. Babanta ya tare ta a zaure da fara'a.

"To, ma'auniya, Inna ta zauna?"

"Ta zauna, Baba. Ta ce ta gode ƙwarai."

Ba ƙarya ta yi ba, amma tuwon ranar bai wuce mata da daɗi ba. Kwana huɗu tana juya maganar. In ta faɗa, ta saɓa wa kakarta, ta kuma tona kuskurenta, ga katakon da babanta ya yi shekara biyu yana tattali. In ta yi shiru, kowa ya huta, sai dai Inna za ta ci gaba da wuni a ɗaki, kujera kuma ta zama wurin shanya zane. A rana ta biyar, tana share ɓarɓashin katako bayan la'asar, ta ajiye tsintsiya.

"Baba, kawo hannunka."

Ya miƙo, yana mamaki. Ta ɗora nata a kai. Yatsunta ko gaɓa ta biyu ta nasa ba su wuce ba.

"Da wannan na auna," in ji ta, sai hawaye. "Ƙafar Inna ba ta taɓa ƙasa. Sau ɗaya ta zauna. Ta ce kada in faɗa."

Malam Labbo ya daɗe yana duban hannuwan biyu. Sannan ya dafe kai ya ce, "Kai, Labbo! Shekara ashirin kana aikin katako, ba ka tambayi hannun wa aka auna da shi ba." Ya share mata hawaye da bakin rigarsa. "Ke kin auna daidai. Ni ne ban tambaya ba. Na ga awon ya ɗan yi yawa, na ce ai mai ciwon gwiwa doguwar kujera ta fi mata."

Jamila, da ta ji komai daga bakin ƙofa, ta leƙo da jariri a kafaɗa. Ta ce, "Malam, shekara goma sha uku da aure, ba ka san Inna gajeruwa ba ce?"

"Yaushe na taɓa ɗaga kai na dube ta a tsaye? Tafin ƙafarta kawai na sani, shi ma a cikin takalmi. Ke da kika san ta, ai a gabanki aka ɗaure kujerar."

"Ni kyanta na tsaya kallo," in ji Jamila, tana dariya.

Asiya ta ce, "Baba, Inna za ta yi fushi da ni."

"Za ta yi na yini ɗaya. Wannan ki bar min."

Ranar Asabar da sassafe suka kama hanya, ya sa zarto da samfefa da wani guntun katako a buhu. A Karakkai ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ya gaida surukarsa. Bayan gaisuwa ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, na zo ƙarasa aikina ne. Kujera ba ta kammaluwa sai mai ita ta zauna an gani. Dama da saura."

Daga cikin ɗaki Inna Tambaya ta harari Asiya, harara mai tsawo. Sannan ta ce, "To, tunda da saura, a ƙarasa."

Ya koma waje, bayan zana, ya shimfiɗa buhunsa. Kawu Mu'azu ya fito masa da kujerar. Wannan karon ya ba Asiya karan dawa, ta je ta tsayar da shi a bayan ƙafar kakarta, ta karya shi daidai gwiwa, ta kawo. Duk da haka bai yanke gaba ɗaya ba. Ya ce abin da zarto ya cire ba ya komawa. Ya rage yatsu huɗu, aka shiga da kujerar, Asiya ta dawo da gudu.

"Yatsun ƙafarta sun taɓa, diddige bai taɓa ba!"

Ya rage yatsu biyu. Aka sake shiga da ita.

"Saura kaɗan, Baba. Ta ce wai kada ka wahalar da kanka, haka ma ya isa."

"Ita ta ce. Ke mi kika gani?"

"Diddigen hagu yana sama."

Ya rage yatsa ɗaya, ya goge bakin ƙafafun. Sannan ya ɗauko guntun katakon da ya zo da shi, ya kafa shi a gaban majingina don zurfin mazaunin ya ragu. Kawu Mu'azu, da ya gaji da ɗauka da ajiyewa, ya ce in aka sake fitowa da ita sai an biya shi ladan dako.

Ba a sake fitowa da ita ba. Inna Tambaya ta zauna a gindin dalbejiya, tafin ƙafafunta biyu shimfiɗe a ƙasa, bayanta a jingine. Sai ta dafa hannuwan kujerar, ta yunƙura, ta miƙe tsaye ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ta koma ta zauna. Ta sake miƙewa, kamar mai gwada ko da gaske ne.

Ta ce, "Ke mai dogon baki, zo nan." Asiya ta matso a tsorace. Tsohuwar ta ja kunnenta kaɗan, sannan ta riƙe kan yarinyar a ƙirjinta. "Je ki ce wa babanki na tashi da kaina. Haka kawai za ki ce masa. Ki dawo ki ɗauko min ƙwarya da ludayi, baƙona ba zai koma Gusau bai sha furar hannuna ba."

Asiya ta fita ta isar da saƙon. Babanta yana kaɗe garin katako daga zarto, ya tsaya, ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa alhamdu lillahi. Daga cikin gida ana jin sallamar matan maƙwabta, da muryar Inna tana ce musu su shigo, tana waje.

A ranar Asiya ta gane cewa gaya wa wanda ya yi maka alheri inda aikinsa bai yi daidai ba, ba rashin godiya ba ne.