Sanyoritar Hindawiyya

Ƙarar faɗuwar tukunya Zakiya ta fara ji, sannan nishi. Ta yar da wankin da ke hannunta ta faɗa ɗakin maƙwabciyarta ko sallama babu. Dela na yashe a bakin ƙofa, hannu dafe da ƙirji, miya ta malale har ƙarƙashin gadon ƙarfe.

"Khala Dela! Innalillahi! Bari in kira Na'ibi ya nemo mota!"

"Bar mota, 'yar nan." Tsohuwar ta damƙe mata zane. "Janyo mini akwatin can."

Zakiya ta janyo, ta buɗe. A sama fararen rigunan aiki ne, a goge. A ƙasa kuwa wata hular namiji ce mai aikin zare shuɗi, an naɗe takarda a cikinta.

Duk unguwar Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki, da sunan Sanyorita aka san Dela. Shekara goma sha bakwai tana girki a gidan wani likita ɗan Sifaniya, matarsa ce ta laƙaba mata sunan. A harshensu matar aure Sanyora ake ce mata, wadda ba ta da aure kuma Sanyorita, ko da furfura ta rufe mata kai. Matan unguwa suka ɗauka suna tsokanarta da shi, ita kuma ta yi dariya ta wuce.

"Takardar aurena ce," in ji Dela. "Usuman sunansa. A Sawakin, bakin tekun Sudan, na bar shi yana jinya, ya ce in haye, zai biyo ni. Madam ta ce mai miji ba ta kwana a gidan aiki sai da sa hannun mijinta. Ina zan samo hannunsa? Na ce ba ni da miji. Haka aka rubuta a iƙama, takardar zamana a ƙasar nan."

"Khala, ki yi shiru, ki huta."

"Ina amsa sunan nan ne cikina na ƙuna. Zakiya, kada a kai ni da shi. Ki faɗa musu matar Usuman ce ta rasu. Kin yi alkawari?"

"Na yi, wallahi na yi."

Kafin kiran azahar rai ya yi halinsa.

Rana ta take, ɗakin ya zama tanda. Mata sun cika tsakar gida, an ɗora ruwa, amma mai wanka ta ce ba za ta taɓa gawa ba sai takardar binnewa ta fito. Na'ibi, mataimakin limamin unguwa, ya taho da Umda Hamad, mai unguwa, suka tsaya bayan labule. Umda yana juya iƙamar Dela yana share gumi.

"Wa ya fi kusa da ita?"

"Ni ce, ya ammi," in ji Zakiya.

"Nan an rubuta ba ta da aure. Sahih? In haka ne, halas, shi ke nan, Na'ibi ya yi shaida, a binne ta da la'asar. In kuwa akwai miji, sai ya zo da kansa, ko a kawo shaidar mutuwarsa. Kafin nan gawa tana asibiti, kuma sai an binciki wanda ya yi wa hukuma ƙarya da waɗanda suka rufa masa."

Zakiya ta dubi gadon. Ƙuda ya fara sauka a kan mayafin, wata tsohuwa tana korarsa da mafici. Ta taɓa jin labarin wani mahajjaci da ya yi wata biyu a ɗakin ajiyar gawa ana neman danginsa. Hular da ta ɓoye tana cikin zanenta, tana jin zaren na sukar cikinta.

"Yalla, ya binti, zafi ake yi," in ji Umda.

"Ba ta da kowa," in ji Zakiya. Muryarta kamar ta wani.

"Allah ya jiƙan Sanyorita," wata ta faɗa daga baya, sauran suka amsa da amin.

Na'ibi ya dangwala yatsa a takardar binnewa bisa maganarta.

Da la'asar sakaliya maza suka dawo daga maƙabarta, suka shimfiɗa tabarmi a lungu, Umda a tsakiyarsu. Zakiya tana kankare busasshiyar miya daga daɓen ɗakin, ba ta iya haɗa ido da gadon. Ta ciro hular za ta mayar cikin akwati, sai ta ji sallama da irin Hausar mutanen Sudan.

Ta ɗaga labule kaɗan. Wani dogon tsoho ne, da jakar fata a kafaɗa, ƙurar tashar jirgin ruwa har gwiwa. Ya durƙusa ya gaida mazan ɗaya bayan ɗaya.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri, na ga kamar zaman makoki kuke. Wata nake nema, Dela, matar Usuman."

Umda ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya juyo wajen labulen.

Zakiya ta dubi hular da ke kan tsohon. Ta koɗe, bakinta ya zare, amma aikin shuɗin zaren iri ɗaya ne da na wadda ke hannunta.