Maganar da Inna ta Hana a Faɗa

Kowa a Bilbis ya san ni Suwaiba, magana ba ta kwana a cikina. Guda ɗaya ce Inna ta sa na haɗiye shekara da shekaru, wato yayana Dogo yana faɗuwa. Tun ranar da san huɗa ya make shi da ƙaho a goshi ya fara. Sai ka ga ya zube yana karkarwa, kumfa a baki. Inna ta ce idan aka ji akwai farfaɗiya a gidanmu, babu mai auren 'ya'yanmu. Sai mu ja shi ɗaki mu rufe ƙofa.

Faɗuwar ma da sauƙi. Halinsa ne ya juye. Mutumin da ko sunan surukarsa ba ya iya kamawa ya koma zuba batsa a tsakiyar kasuwa. Matarsa ta gaji ta tafi. Daga nan ya tare Halimatu, matar maƙwabcinmu, a hanyar gona, ya kayar da ita. Allah ya kawo masu wucewa suka ƙwace ta. Kotu a Tsafe ta ɗaure shi, aka kai shi gidan yari a Gusau. Na yi kuka, amma wallahi ban ce an zalunce shi ba. Halimatu aka zalunta, har garin ta bari ta koma Bunguɗu wajen danginta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, wa'adinsa zai ƙare, ya dawo mana yadda ya tafi, matan gari kuwa ba za su daina zuwa gona ba.

Ana nan sai aka aiko mu je Gusau. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Abdulaziz, yana duba masu irin laifin Dogo, yana son ganin danginsu. Tun a mota Inna ke zungurina: "Ke, riƙe bakinki."

Da muka shiga, ga Dogo zaune a gefe. Likitan ya tambaya, "Inna, ya taɓa buguwa a kai? Yana suma ko faɗuwa?"

"A'a likita, ba mu da wagga cuta. Sammu ne anka yi mishi."

Ya gyaɗa kai, ya juya zai kira na gaba. Kai, jama'a! Na ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji.

Na ce, "Likita, tsaya. Sa ya soke shi a goshi, ɗaga hularsa ka gani. Kuma yana faɗuwa, ni nake goge masa kumfa."

Inna ta dafe ƙirji. "Suwaiba! Kin kashe mu! Wa zai ɗauki Nusaiba?"

Nusaiba ɗiyata ce, an riga an sa mata rana. Na ce, "Inna, wanda zai fasa ya fasa. Ita ma Halimatu ɗiyar wata ce."

Likitan ya gyara zama. Ya ce farfaɗiyar rauni ba gado ba ce, ba a kuma ɗaukarta. Ya ce masu ita birjik, ba su taɓa cutar kowa ba. Amma bayan goshi akwai wurin da ke riƙe mutum idan zuciya ta ingiza shi, kuma idan wurin ya ji rauni, wani sai ya zama kamar babur marar birki.

"Wannan ba zai wanke laifinsa ba," in ji shi, "amma ya nuna mana inda za mu kama."

Aka kai Dogo asibiti da gandiroba, aka ɗauki hoton kansa, ga raunin nan ɓaro-ɓaro. Aka ɗora shi kan magani, ana kuma zama da shi ana magana. Inna ta yi wata ba ta amsa gaisuwata. Labari kuwa ya zaga Bilbis kafin mu sauka mota. Kawun angon Nusaiba ya zo yana hura hanci, na zaunar da shi na zayyane masa komai, ban rage ba. Ya tafi, ya dawo, aka ɗaura aure. Na ci kwalliyata na rangaɗa guɗa, masu gulma suka sha kunu suka watse.

Bayan damina na koma ziyara. Da can Dogo ƙura mini ido yake yi, yana dariyar da ba ta da dalili. Ranar kuwa kansa na ƙasa, yana murza bakin riga.

Ya ce, "Suwaiba, Halimatu fa? Na cuce ta. Ban da bakin da zan ce ta yafe."

Ya ɗago da jajayen idanu. "Na roƙi likita, ko an sake ni kada a kai ni gida. A bar ni nan Gusau kusa da shi, sai ran da ya ce ba zan ƙara taɓa kowa ba."

Ya rufe fuska da hannu biyu yana kuka. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, daɗi ne ya kama ni har na fashe da dariya. Gandiroba ya ce, "Baiwar Allah, ɗan'uwanki na kuka kina dariya?"

Na ce, "Malam, bar ni. Rabon da in ga yayana tun ranar da sa ya soke shi, sai yau."