Suna a Bargon Makara

A Burumburum, in ka ga bargon haɗe-haɗe a kan igiyar shanya, ba sai ka tambayi wanda ya ɗinka shi ba. Inna Asibi ce. Ƙyallayen da teloli ke zubarwa a kasuwar Tudun Wada, da tsofaffin zannuwa, da rigunan da suka gaji, su take yankawa ta jera, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta yi masa shafi da farin akoko, ta bi da allura layi-layi. Ba ta taɓa shiga aji ba, abin bai kuma taɓa damunta ba. Da ƙullin zare take gane bargon kowa, ƙulli ɗaya na gidan wane, biyu na gidan wance.

Ɗanta na fari, Surajo, shi ya ga wannan tsari ya tsufa. Malamin gona ne a Tudun Wada, kuma tun ranar da ya fara saƙala biro a aljihun gaba, babu abin da ake yi a gidan da bai hango masa gyara ba. A daminar 1987 ya zo mata da maka, baƙin alƙalamin nan mai kaurin baki da suke rubuta sunayen ƙauyuka da shi a jikin buhunan taki. Ya ce daga yau shi zai riƙa rubuta mata sunan mai bargo a kusurwa, a huta da lissafin ƙulli. Ta ce to, ta kuma ci gaba da ƙullinta.

Barguna biyu ne a hannunta a daminar. Ɗaya nasa ne, don an mai da shi aiki can wajen Doguwa, inda sanyin duwatsu ke shiga ƙashi. Ɗayan kuwa na unguwa ne. Mayafin da ake rufa wa makara ya mutu, ɓeraye sun ƙarasa shi, sai Liman da dattawa suka ce kowane gida ya kawo ƙyalle ɗaya a haɗa sabo, don kowa ya sami rabonsa na lada. Gida talatin da huɗu suka kawo. Inna Asibi ta yi wata biyu a kansa, kuma ba ta taɓa ɗinka abu mai kyansa ba.

Ranar wata Litinin ta tafi barkar haihuwa, Surajo ya shigo ɗakinta ya tarar da barguna biyu a ninke a kan gado. Bai yi dogon tunani ba. Wace uwa ce za ta ɗinka wa wani mai kyau ta bar ɗanta da na baya? Ya warware babban, ya cire murfin maka, ya rubuta SURAJO da manyan baƙaƙe a kan wani shuɗin ƙyalle da ke kusurwa. Sannan ya ce bari ya gwada tsawo. Ya miƙe a kan gadon, ya ja bargon tun daga ƙafa har ya rufe kansa. Ya yi masa cif, kamar da shi aka auna.

A haka ta shigo ta same shi. Daga cikin bargon ya ji ƙarar kwano ya faɗi ƙasa yana juyawa, har ya tsaya don kansa.

"Kai, fito daga nan," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Kai take ce masa tun yana goye. Ɗan fari ne, kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba ko sau ɗaya, in za ta yi maganarsa da wasu sai ta ce yayan Hasana. Amma ta san kamannin sunan. Shekara goma sha biyu tana adana masa littattafan makaranta a cikin kwalla, shi ne kaɗai rubutun boko da take ganewa a duniya. Ta ɗaga kusurwar ta duba, ta daɗe tana dubawa. Shuɗin ƙyallen nan shi ne na gidansu, daga rigar marigayi mahaifinsa ta yanko shi.

Da ta gaya masa ko bargon mene ne, Surajo dariya ya yi. Gaskiya gabansa ya ɗan faɗi, amma mai biro a aljihu ba ya nuna irin wannan.

"Inna, tawada ce fa kawai. A wanke ta fita."

Washegari da hantsi ta fito da daro. Ta fara da omo da ruwan zafi, ta cuɗa har kumfa ya kai mata gwiwar hannu. Da ta ɗago kusurwar, babu komai sai shuɗi. Hasana, ƙanwar Surajo da ke aure a bayan gidansu, ta ce alhamdulillahi. Aka shanya. Kafin la'asar, da bargon ya sha iska, sunan ya dawo, baƙi ƙirin, kamar yanzu aka ɗaga alƙalamin.

Surajo yana da bayani. Jiƙaƙƙen yadi duhu yake yi, shi ya sa rubutun ke ɓoyewa, in ya bushe ya bayyana. Bayanin ya yi kyau, sai dai bai goge sunan ba.

Daga nan gidan ya zama wurin gwajin dabaru. Halima mai tallan nono, da ke zuwa daga rugar da ke gefen gari, ta ce a jiƙa wurin da kindirmo mai tsami ya kwana, haka suke yi wa tabon da ya ƙi ji. Aka jiƙa, ƙudaje suka yi biki, sunan yana nan. Wata ta ce lemon tsami da gishiri a baza a rana. Wata ta ce ruwan toka da kanwa. Ranar Laraba Inna Asibi ta sa aka kai wa Ɗanmaraya mai wanki a bakin rafi, mutumin da ke cika bakin cewa har tabon goro da na baƙin mai ya fitar. Ya sa sabulun salo, ya bi da kananzir, ya buga a kan dutse. Da ya bushe ya duba, ya ninke bargon da kansa ya kawo har ƙofar gida. Bai yarda ya shigo zaure ba.

"Ku gaya wa Inna ta yi haƙuri," ya ce wa Surajo. "Ni tabo nake wankewa. Wannan kuwa ya zauna."

Maganar ta kai kunnen Liman, ya zo da kansa ya tsaya a zaure. Ya ce mata ta ji tsoron Allah ta bar camfi, tawada ba ta kashe kowa, ajali yana hannun Mai shi. Ya ce ta kawo bargon yadda yake. Ta durƙusa daga bayan labule ta ce, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam." Yana fita ta koma bakin daronta. Ba musu take da Liman ba, ta san gaskiyarsa. Amma duk gawar da za a fitar daga unguwar nan, da sunan ɗanta a kanta za ta tafi, ita kuma zuciyarta ta ƙi ɗaukar wannan.

Ranar Alhamis da rana tsaka Surajo ya dawo gida ya tarar ba kowa a tsakar gida, sai bargon a kan igiya yana ɗiga. Iska ta ɗaga kusurwar, ya hango baƙi a jikin farin shafin, wato ɓangaren da ke kwanciya a jikin mamaci. Ya ce a ransa kananzir ne ya narkar da tawadar ta ratsa auduga ta fito ta baya. Ya matsa ya kama ya duba.

Wanda ya yi shekaru yana rubutu a buhu ya san abu ɗaya: in tawada ta ratsa ta fito ta baya, a juye take fitowa, kuma a dame. Wannan ba a juye yake ba. SURAJO ne sak, daga hagu zuwa dama, tsaf-tsaf, da irin lanƙwasar da yake yi wa harafin farko. Ya saki kusurwar. Rana na dukan ƙeyarsa amma tsigar jikinsa ta tashi. A duk gidan shi kaɗai ne zai iya gane bambancin, bai kuwa gaya wa kowa ba.

Da yamma ya sami Inna tana shafa man kaɗe a hannu. Kanwa da kananzir sun tsattsage mata yatsu har suna fitar da jini. Tausayi da kunya suka kama shi, yau babu dariya.

"Inna, a yanke wurin mana. A cire ƙyallen gaba ɗaya."

"In an cire, me za a sa?"

"Kowane tsumma. Ga su nan buhu guda."

"Tsumman teloli ba na gidan kowa ba ne," ta ce. "Kusurwar nan ta gidanmu ce. Abin gidanmu za ta ɗauka."

Ya ce to a yanki rigarsa. Ta ɗago ta yi masa wani irin kallo da bai taɓa gani a idonta ba.

Ranar Asabar ya hau motar Doguwa da nasa bargon, ƙaramin, mai ƙulli uku a gefe. Ta rako shi har zaure, ta ce Allah ya tsare, ta koma. Yana jin ƙarar ruwa a daro tun kafin ya kai bakin hanya.

Kwanansa biyu a can zazzaɓi ya kwantar da shi. Ba irin wanda ya saba ba ne, wannan sanyi ne zalla, daga tafin ƙafa yake tasowa yana hawa a hankali. Abokan aikinsa suka kawo masa ƙwayoyi, suka dafa masa ganye, ba abin da ya motsa. Yana rawar ɗari amma ya kasa jan bargo ya wuce ƙirjinsa. Da ya kai shi wuya sai ya ji ƙarar kwanon nan yana juyawa a ƙasa. Ranar Laraba sanyin ya kai masa ƙugu, ya daina jin ƙafafunsa. Ya ji tsoro ƙwarai, ya yi ta salati, ya yi ta tunanin Inna da hannayenta.

Da gari ya waye ranar Alhamis, gumi ya karyo masa. Ya tashi zaune garau, har da jin yunwa. Yana cikin shan koko a bakin ƙofa, da hantsi, ya ga babur ya tsaya. Habu ne, mijin Hasana, wandonsa duk taɓo. Bai ko kashe babur ɗin ba.

"Yaya, ka taso mu tafi. Inna ce."

An jira shi har bayan azahar. Da suka iso an riga an yi mata wanka an shirya ta, makara tana ƙofar gida, sabon bargon unguwa a kanta. Ita ce ta fara shigarsa. Aka yi salla, Surajo ya sa kafaɗa ya ɗauki gaba ta dama, kusurwar bargon tana lilo dab da fuskarsa. Babu shuɗi a wurin. Wani koren ƙyalle ne mai zanen ganye, an ɗinke shi da ƙananan ɗinki masu kyau. Ya san zanen. Shi ne wanda take ɗaure da shi ranar da ta rako shi zaure. Har aka kai maƙabarta idonsa na kan koren ƙyallen, yana jira baƙi ya ɓullo. Bai ɓullo ba.

Da masu gaisuwa suka ɗan ragu, Hasana ta kira shi ɗakin Inna. Ta ce Inna ba ta yi ciwo ba. Ranar Laraba da la'asar ta sa reza ta farke kusurwar, ta cire shuɗin da audugar da shafin duka, ta yanki gefen zanen jikinta ta mayar gaba da baya, ta aika wa Liman da bargon. Da asuba ta yi salla, ta ce tana jin sanyi a ƙafa, ta kwanta.

"Na ce mata, Inna, ga tsofaffin kaya nan cike da adaka, me ya sa sai na jikinki? Ta ce bargon ya riga ya san gidanmu, ba zai koma hannu wofi ba."

Surajo ya buɗe baki zai ce camfi ne, Liman ma ya faɗa. Kalmar ta ƙi fita.

Hasana ta ɗaga matashin kai ta ɗauko wani ƙunshi ta miƙa masa. Kusurwar da aka yanke ce, an ɗaure ta da zare, ƙulli uku. Ya kwance ya shimfiɗa a cinyarsa. Shuɗin rigar mahaifinsa ne, ya koɗe saboda wanki, a bushe ƙayau. Babu rubutu. Ya juya shafin, fari fat. Ya ɓare audugar da ke tsakiya, ya fita tsakar gida ya ɗaga ta a rana. Ko ɗigo babu.

"Da ta cire akwai shi," in ji Hasana daga bakin ƙofa. "Da idona na gani. Ta riƙe shi a hannu tana shafawa, sai na ji ta kira sunanka."

Ya juyo. "Sunana?"

"Sau ɗaya. A hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar."

Shekara talatin da ɗaya yana duniya bai ji ba, ranar da aka faɗa kuma yana can bayan dajin Falgore. Daron yana nan a gindin igiya inda ta bar shi, da guntun sabulun salo a gefe. Surajo ya tsuguna kusa da shi da ƙyallen a hannu, yana juya shi gaba da baya, yana neman ko ɗan tabo ɗaya da ya rage wanda shi ma zai wanke.